Tsumma Tara a Igiyar Shanyata

Shekara goma sha tara muna faɗa da Baba Tizhe a kan igiyar shanya. Igiyar tawa ce, ni na saya, ni na ɗaura tsakanin bishiyar mangwaro da ƙusar bangon sito. Amma in na fito da wankina sai in tarar ya riga ni, ya jera mini tsummokinsa masu mai, kowanne a buɗe, ba mai taɓa ɗan'uwansa. Fararen kayana sun sha layin mai har na gaji da masifa.

Baba Tizhe kafinta ne, mutumin Michika, Kirista. Marigayi mijina ne ya ba shi rumfar ƙofar gidanmu a Nassarawo tun ɗana Bakari yana firamare, aka huda masa ƙofa ta baya zuwa tsakar gida, daga nan ya zama ɗan gida. Ni sunana Hajaratu, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma shi bai taɓa kirana da sunana ba, sai Maman Bakari. Hausarsa irin tamu ce ta Mubi, har ta fi tawa karyewa, mace ma "kai" ce a bakinsa.

Duk kafintocin garin nan banish suke shafa wa kaya ya yi ta ƙyalli. Shi ya ƙi. Ya ce banish riga ce ake sa wa katako, wata rana sai ta yage, nasa man kuwa ciki yake shiga. Yana narka kakin zuma da ake kawo masa daga duwatsun garinsu, ya haɗa da wani mai da masu fenti ke kira linsid, ya zuba a gwangwani. Da tsumma yake shafawa, kuma ba kowane tsumma ba. Tsofaffin zannuwan matarsa Susanna ne, Allah ya ji ƙanta, irin na zumuntar matan coci, masu hoton gicciye da littafi a jiki. Ya ce sun sha wanki sun yi laushi, ba sa barin zare a kan katako. Yakan ce, Susanna yake nufi, "Ya taimake ni yana da rai, har yanzu yana taimako."

In na tara masa tsummokin wuri ɗaya don in sami wurin shanya, sai ya taso da sandarsa yana jan ƙafa, ido waje.

"Maman Bakari, kar ka dunƙule! In ka dunƙule, wuta zai tashi."

"Wuta daga ina? Aljani ne zai ƙyasta ashana?"

"Da kansa. Ko ka shanya a buɗe, ko ka sa a ruwa."

Ni kuwa shekara talatin ina matsar man gyaɗa, tsumman da nake goge turmi da shi a dunƙule yake kwana, bai taɓa ƙona ko gashin kaza ba. Na ɗauka dabarar tsoho ce kawai don ya mallake mini igiya.

Ranar Laraba, ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2014, 'yan Boko Haram suka shigo Mubi. Wanda ya ga ranar nan ba ya son a tuna masa. Harbi ya taso tun da hantsi, gari ya rikice, mata na gudu da goyo, wani takalmi ɗaya, wani ba ko ɗaya, masu hawa dutse na yi, masu bin hanyar Kamaru na yi. Bakari ya kwashi matarsa da yara ya zo yana jan hannuna, na ce ya tafi, gwiwoyina ba za su iya dutse ba. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ce gaskiyar ba. Baba Tizhe yana zaune a rumfa, ƙafarsa ta hagu ta shanye tun hatsarin babur, daga rumfa zuwa bakin titi ma sai ya huta. 'Yarsa Dorathy tana Yola, waya ta ɗauke. Ba mai ɗaukarsa, kuma kowa ya ji abin da ake yi wa maza irinsa in an kama su.

Na sa shi a sito. Ƙaramin ɗaki ne ba taga, sai 'yar kafa tsakanin bango da kwano. Ciki akwai katakansa jingine da bango, da buhunan ɓawon gyaɗa da dusar katako da nake hura wuta da su. Na shimfiɗa masa tabarma a bayan katakan, na ƙara jera wasu a gabansa, na rufe da kwaɗo ta waje. Safe da yamma nake buɗewa in ba shi abinci in fitar da gwangwanin fitsari.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Unguwa ta yi tsit, sai awakin da aka bari suna kuka, sai ƙarar babura jifa-jifa.

Ranar Juma'a da sassafe na buɗe masa don ya ɗan miƙe ƙafa, na bi ta ɓaraurniyar hanyar bayan gida zuwa rijiyar maƙwabta. Igiyar guga ta tsinke, na daɗe ina fama da ƙugiya kafin in ciro gugan. Da na dawo da bokiti a kai, ina shigowa na ga abin da ya kusa sa ni faɗuwa. Igiyata cike da tsumma. Guda tara, na ƙirga daga baya, sun jiƙe sharkaf da mai, kowanne da gicciyensa yana kaɗawa a iska. Katangarmu gajeriya ce, duk wanda ya wuce a kan mota zai gani.

Tsoho yana rumfa, ƙofar titi a rufe, yana goge ƙafar kujera. Teburin cin abinci ne da kujeru shida na icen maɗaci da yake yi wa Dorathy don bikinta a watan Disamba. Ya shafe teburin, ya shafe kujeru huɗu.

"Baba Tizhe, ka haukace ne?" Da raɗa nake magana. "Kashe mu za ka yi? Tuta ka kafa mini a gida?"

"Kwana biyu hannuna bai taɓa komai ba, Maman Bakari. Tunani zai kashe ni."

"To ga masu kashe ka nan a titi, ba sai tunani ya wahala ba!"

Na fizge tsummokin nan daga igiya, na cusa su a wani tsohon buhun gari na roba, na danna da ƙafa, na ɗaure bakin. Na koma na tasa shi gaba zuwa sito, na tura shi bayan katako. Yana kwanciya yana tambaya.

"Tsummokina fa?"

"Suna cikin bokiti."

"Da ruwa?"

"Da ruwa, har baki. Yi mini shiru don Allah."

Ƙarya na yi, don ya rufe bakinsa. Ruwan da na sha wuya na ɗebo ba zan ɓata shi a kan tsumma ba, kuma bokiti a tsakar gida kowa na iya leƙawa. Da na gama jera katako a gabansa, na ɗauko buhun na cusa shi can ƙasa tsakanin buhunan ɓawon gyaɗa, na rufe da dusar katako yadda ko an buɗe ƙofa ba za a gani ba. Shi bai gani ba. Ba zai ji warin ba kuma, don shekara arba'in yana shaƙar man nan, hancinsa ya daɗe da mutuwa. Na datse kwaɗo, na ɗaura makullin a haɓar zanina, har ina yaba wa kaina wayo.

Rana ta ɗaga, zafi ya sauko. Ina zaune gindin mangwaro ina ɓarar gyaɗar da ban san wa zan sayar wa ba, sai na ji babura sun tsaya a ƙofar gida. Wajen ƙarfe sha ɗaya ne. Aka daki ƙofar rumfa sau biyu, sakata ta ɓalle.

Su uku ne. Biyu da bindiga a hannu, ɗaya ya rataya tasa a baya, shi ne babbansu, suna ce masa Malam. Ba yaro ba ne, zai yi arba'in, ya naɗe fuska da rawani sai ido. Na yi maza na ja mayafi na rufe kaina, na yi sallama tun kafin su yi.

"Iya, ina mazan gidan?"

"Mijina ya rasu. Ɗana ya gudu."

"Me ya sa ya gudu, in Musulmi ne?"

"Tsoro, Malam. Ɗan Adam ne."

Biyun suka shiga ɗakuna suna bincike. Ɗaya ya je ƙofar sito ya ja kwaɗon, ya tambayi abin da ke ciki, na ce ɓawon gyaɗa da itace, makullin yana wurin ɗana. Ya leƙa ta tsagar ƙofa, ya ga buhuna, ya tofar da yawu ya wuce. Makullin nan yana taɓa cinyata ina jin sanyinsa.

Malam bai shiga ko'ina ba. Yana rumfa tsaye a kan teburin. Na ga ya miƙa hannu, yatsunsa biyu guntaye ne, irin yankan zarto. Ya shafa saman teburin, ya ɗaga yatsa ya duba, ya shinshina.

"Wannan man na yau ne," ya ce. "Ko danƙo bai gama yi ba. Ina kafintan?"

"Ya gudu tun Laraba."

"To wa ya shafa?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ni ce. Dama ni nake shafa masa mai. Shi ya yi sassaƙa, ni in shafa. Na ga zama ya ishe ni ne."

Malam ya dube ni. Sai ya sa ƙafa ya jawo ɗaya daga kujeru biyun da ba a shafa ba, ya turo ta tsakar gida.

"Na yi shekara goma sha biyu ina wannan aiki, Iya, ban taɓa ganin mace tana yi ba. Shafa mu gani."

Ya ɗauko turmina ya kifa ya zauna a kai. Sauran suka tsaya a inuwa.

Allah ya sa shekara goma sha tara ina jin mitar tsohon nan ko ina so ko ba na so. Na ɗauko gwangwanin man da guntun samfefa, takardar nan mai yashi ta goge katako. Na bi kujerar da samfefa a hankali, ina bin jijiyar katako, ba na gittawa. Na hure ƙurar, na goge da tafin hannu. Na yage gefen wani tsohon ɗankwalina na naɗe shi ya yi kamar ƙwallon fura, na tsoma bakinsa kaɗan. Muryar Baba Tizhe tana kaina: kaɗan-kaɗan, ba miya kake yi ba. Na fara daga ƙarƙashin mazauni, na bi ƙafafu, na hau baya. Jan maɗacin ya fito, man yana tafiya daidai.

"Sai me?" ya ce da na gama.

"Sai a bar shi ya sha. Kamar tsawon dahuwar shayi. Sannan a goge duk abin da bai sha ba, in ba haka ba zai yi danƙo har abada."

Ya gyaɗa kai. Sai ya ɗaga kai ya dubi igiyar shanya, ya dubi ƙasa inda man ya ɗiɗɗiga a jere.

"Tsummokin da kika yi aikin safe da su fa?"

"Na ƙone su."

"Kin kyauta." Ya juya wajen mutanensa kamar mai ba da karatu. "Wannan man ba irin na gyaɗa ba ne. In ka dunƙule tsummansa ka ajiye, zafi yake yi daga ciki, da kansa yake kama wuta. Shagon maigidana haka ya ƙone ƙurmus. An share shago an tara tsumma a kwali da safe, kafin azahar ba abin da ya rage sai kwano."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A zuci na faɗa. Shekara goma sha tara mutumin kirki yana gaya mini na ƙi ji, sai yau da mai bindiga ya faɗa na yarda. Tun wajen ƙarfe bakwai buhun nan yake a dunƙule, a ɗaure, ƙarƙashin dusar katako, tsakiyar ɓawon gyaɗa, a ɗakin kwano, cikin wannan rana. Kuma ni na kulle mutum a ciki da hannuna.

Sito yana bayan Malam, taku goma bai cika ba. Ni ce nake fuskantar siton. Na hana idona zuwa can, ya ƙi hanuwa. Ban ga komai ba. Na ce a raina wataƙila tsumma tara bai isa ba, wataƙila na maigidansa ya fi yawa. Na yi ta salati a zuci.

Lokacin gogewa ya yi. Na yage wani ƙyalle busasshe na hau goge kujerar da sauri.

"A hankali, Iya. Ina za ki?"

Na rage sauri. Na bi lungu-lungu, inda ƙafa ta haɗu da mazauni, inda man yake taruwa. Ya taso ya shafa, ya duba yatsa, ba mai. Na ɗauka shi ke nan, za su tafi.

"Ɗayar fa? Ba a barin aiki rabi. Shugabanmu Amir yana neman tebur da kujeru, gobe za mu aiko a ɗauka. Gama ta."

Aka turo kujera ta shida. Ina durƙushe ina bin ta da samfefa, na ɗaga ido, sai na gan shi. Siririn hayaƙi, fari, yana fitowa ta kafar da ke tsakanin bango da kwano, yana bin ƙarƙashin kwanon a hankali kafin ya tashi sama.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba, ko ranar Laraba. In na tashi na buɗe, sun gan shi, sun yanka shi a gabana, ni ma da na ɓoye shi ba za su bar ni ba. In na zauna, ya ƙone da ransa. Ko tari ɗaya ya yi, an gama. Gaba kura, baya sayaki. Kuma ɗaya daga cikin masu bindigar ya fara ɗaga hanci.

Na karkata gwangwanin na leƙa ciki. "Malam, man ya yi kauri, kakin ya kwanta a ƙasa. Sai na ɗumama."

Ya ce in ɗumama.

Murhuna yana jikin bangon sito, daidai ƙarƙashin kafar nan. Na ɗora tukunya da ruwa, na sa gwangwanin a ciki yadda tsohon yake yi. Na tura itace, na ƙyasta ashana, sannan na ɗebo ganyen mangwaro da ɓawon gyaɗar da nake ɓara na yayyafa musu ruwa a ɓoye na danna a kan wutar. Hayaƙi ya turnuƙe, ya bi bango ya hau, ya haɗu da wancan, ba mai iya raba su. Na hau tari, na gaske da na ƙarya, da ƙarfi, don in wani tari ya fito daga ciki a ce nawa ne.

"Iya, za ki kashe mu da hayaƙi!"

"Itacen ɗanye ne, ɗana. Ba mai kawo mana busasshe."

Suka ja baya zuwa bakin rumfa suna fifita fuska. Ina durƙushe gaban murhu, kafaɗata ta taɓa bangon sito. Ban ji zafi ba, amma na ji motsi. Wani abu yana jan jiki a ƙasa, a hankali, ya tsaya, ya sake ja. Katako ya ɗan yi ƙara. Na buga murfin tukunya a kan dutse kamar ya suɓuce mini.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne wannan: na san hayaƙina ma yana shiga ta kafar nan. Ban taimake shi da komai ba. Ɓoye mutuwarsa kawai nake yi don kar a ganta, ina ƙara masa wani hayaƙin a kan nasa.

Na sauke man, na koma kan kujera. Na tsoma, na shafa. Ƙarƙashi, ƙafafu, baya. Hawaye na zuba, na bar su, ai hayaƙi ne. Aka zo jiran ya sha. Wallahi na haifi 'ya'ya biyar, na binne uku, ban taɓa jiran da ya kai wannan tsawo ba. Malam yana ta ba mutanensa labarin yadda ake gane maɗaci na gaske da na jabu. Ni ina kallon kwanon sito ina jiran in ga harshen wuta. Motsin ciki ya tsaya. Ba tari, ba nishi, ba komai. Na ce shi ke nan, ya mutu, hayaƙi ya kashe shi.

Na goge kujerar. Lungu-lungu, don kar ya ce in sake.

Sai aka kira sallah daga babban masallaci. Ɗayansu ya ce, "Malam, Juma'a." Malam ya taso ya shafa kujerar da guntayen yatsunsa, ya duba.

"Hannunki ya iya, Iya. Kar ki bari ƙura ta hau su. Wannan ƙyallen kuma ki jefa shi a wuta yanzu."

Na jefa yana kallo. Suka fita. Na tsaya ina jin baburan har suka sha kwana, har ƙarar ta ɓace. Sannan na ruga. Kullin haɓar zanina ya ƙi kwancewa, na sa haƙori na yage shi. Makullin ya faɗi, na ɗauka, ya sake faɗi.

Da ƙofar ta buɗe hayaƙi ya buge ni a fuska, na ja baya ina tari. Na sunkuya na shiga da bokitin ruwa. Ba wuta. Da hayaƙin ya ɗan fita sai na fara ganin ƙasa.

An ture dusar katako gefe, an share fili da hannu. Tsummokin suna shimfiɗe a kan siminti, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a buɗe, ba mai taɓa ɗan'uwansa. Tara. Huɗu sun zama baƙi, sun ci har tsakiya. Buhun ya narke ya manne da ƙasa, kuma gefen buhun ɓawon gyaɗa ɗaya ya ƙone kamar faɗin faranti, an kashe shi.

Baba Tizhe yana kwance a gefensu, fuskarsa a tsagar ƙasan ƙofa inda iska take shigowa. Ya cusa hularsa a baki, ya cije. Na ciro hular, na ɗaga kansa, na zuba masa ruwa a fuska. Ya daɗe bai motsa ba. Sai ƙirjinsa ya ɗaga, tarin da ya riƙe tun ɗazu ya ɓalle, ya yi ta yi har ya yi amai.

Da ya sami numfashi ya buɗe jajayen idanu ya dube ni. Muryar ba ta fita sai na kai kunne.

"Maman Bakari. Ruwan bokitinka ya ƙafe ne?"

Na fashe da kuka ina dariya, na kamo hannunsa in tashe shi. Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji a bakin namiji ba. Na saki, na duba.

Ba ruwa a ɗakin, ba ƙasa, ba abin da zai buga wuta da shi ba tare da an ji ba. Da tafin hannu ya yi. Ya yaga buhun da ya narke, ya ciro tsummokin suna ci, ya buɗe su ɗaya-ɗaya, ya danne garwashin da hannu har ya mutu, sannan ya bi ɓawon gyaɗar ya murƙushe inda ya kama. Robar buhun ta manne a yatsunsa. Fatar tafin ta tashi fari, wani wurin babu ita sam.

Washegari aka zo da mota aka kwashe tebur da kujeru shida. Sati biyu na yi ina wanke masa hannu da ruwan gishiri ina shafa zuma, yana cije hula, har sojoji suka dawo gari aka kai shi asibiti a Yola. An ceci hannuwan, ba a yanke ba. Amma yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe ciki, ko cokali sai an ɗaura masa. Bai sake riƙe zarto ba. Dorathy ta yi aure ba tebur.

Ta so ta riƙe shi a Yola, ya ƙi, ya ce bai saba da zaman bene ba. Yana nan a rumfa. Wani kafinta a Sabon Layi yana kawo mana kaya in ya gama haɗawa, ni nake shafa musu mai, shi yana zaune a kan benci yana mita. Tsummokin nawa ne yanzu, a igiyata nake shanya su, a buɗe, wankina kuma a kan katanga.

Shekara uku ke nan, bai taɓa tayar da maganar buhun nan ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Jiya na gama shafa wani ɗan tebur, na tura masa ya duba. Yatsunsa ba sa jin komai, don haka da bayan hannu yake dubawa, wajen wuyan hannu inda wuta ba ta kai ba. Ya goga a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗaga ya duba.

"Ya yi yawa, Maman Bakari. Goge."

Na ɗauki ƙyalle na goge.